A Biya Bashi Kafin A Raba Gado: Magana A Kan Tayar Da Tsofaffin Wasanni

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya halicci mutane daga asali guda, sa'an nan ya sassaɓa harsunansu da launukansu. Bayan haka, ga wata mas'ala wadda ta kamata malamai da 'yan kasuwa su dube ta da idon basira, ko da ya ke wanda ya ji ta da farko zai ce ai maganar yara ce.

In watan azumi ya kwana goma, aka sha ruwa, aka idar da asham, unguwannin birnin Katsina su kan ɗauki wani irin amo wanda ba a jinsa cikin sauran watanni. Tun daga Masanawa har Yarinci, daga Rafindadi har Ƙofar Ƙaura, yara su kan fito ƙungiya ƙungiya, da gwangwanaye da ƙoruka da 'yan ganguna, suna bi gida gida, ana ba su hatsi ko 'yan kuɗi. Wannan shi ne tashe. Da wuya a sami malami ko attajiri mai furfura a garin nan wanda bai taɓa liƙa gemun auduga ba, ko kuwa bai taɓa yi wa mai gemun amshi ba.

Tashe wasan kwaikwayo ne sosai, mai kiɗa da waƙa da ban dariya, sai dai ba shi da dandamali, ƙofar gida ita ce dandalinsa. Akwai Tsoho da Gemu, inda yaro ke dogara sanda ya ranƙwafa. Akwai wanda a ke tuhumar malam da cewa ya yi rawa, shi kuwa yana musu, ga allo ga gafaka, har a ƙarshe ya taka a gaban kowa. Akwai Jatau Mai Magani da tarkacen saiwoyinsa, da Mai Ƙiriniya wanda a ke ɗaure wa igiya a ƙugu, da tashen gwauro. 'Yan mata kuma suna da nasu, kamar Samodara da na Mairama da Daudu, inda su ke koya wa juna zaman aure. Manya ma suna da irin nasu a kasuwa da wajen biki: 'yan kama, masu kwaikwayon karatun malamai da waƙoƙin makaɗa su mai da su duka zancen tuwo da nama, da kuma 'yan gambara masu zambo da habaici. Har wani Bature, Gidley, ya rubuta bincike a kan 'yankamanci cikin 1967, domin ya ga sana'a ce mai ƙa'ida, ba shirme ba.

Ja Da Baya Da Neman Tayarwa

Ba a ɓoye ya ke ba, waɗannan wasanni sun ja da baya. Talabijin da wayar hannu sun zaunar da yara, tsoron dare ya sa iyaye sun rufe ƙofofi, 'yan daba kuma sun shiga rigar masu tashe suna ƙwace, har 'yan sanda suka dakatar da tashe a Kano cikin azumin 2024. Saboda haka masu kishin al'ada suka tashi neman raya shi. Makarantu su kan sa yara su yi shi ran bikin al'adu, ɗaliban Hausa na jami'o'i suna rubuta shi, gidajen rediyo da talabijin su kan tuna da shi in azumi ya zo, ga kuma Ranar Hausa ta Duniya da a ke yi ran 26 ga Agusta tun daga 2015. Samari kuwa suna ɗaukarsa a waya su watsa, tare da guntayen tsofaffin finafinan ban dariya na zamanin marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu cikin 2014.

Wannan niyya kyakkyawa ce, domin kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Amma fa wanda ya buɗe tsohuwar adaka ya kan tarar da riguna masu daraja, ya kan kuma tarar da abin da asu ya ci. Cikin wasannin tashe akwai wanda a ke kira Macukule. A kan shirya yaro da tsummoki, a ce Bagwari ne, ya riƙa karya Hausa, 'yan amshi suna amsa masa, jama'a na dariya. Cikin barkwancin kasuwa da na finafinai kuma ba a rasa Bafillacen daji wanda birni ya ruɗa, da Bamaguje, da Buzu mai gadi, da Bayarabe mai hayaniya, ko wanne da tufafin da aka ɗinka masa da lanƙwasar harshen da aka liƙa masa. To, tambaya ita ce: in za a tayar da tsohon wasa a gaban mutanen yau, a tayar da shi duka kamar yadda aka gada, ko kuwa akwai abin da ya wajaba a yi tukuna?

Malamai sun san tsarin dukiyar mamaci. Ba a fara rabo sai an yi masa sutura, an biya bashin da ke kansa, an zartar da wasiyya, sa'an nan magada su ɗauki rabonsu. Wasannin nan gado ne, amma akwai bashi a kan waɗansunsu, bashin mutuncin waɗanda aka yi dariya da su ba da yardarsu ba.

Inda Dariyar Ta Samo Asali

Mutanen da Hausawa ke kira Gwari, su Gbagyi su ke kiran kansu, da yawa daga cikinsu kuma ba su son wancan suna. Manoma ne, ƙasarsu ta bi ta jihohin Neja da Kaduna da Nasarawa da yankin Abuja. A dubi yadda sunansu ya zauna cikin bakin Hausa. In jariri yana surutun da ba a fahimta, sai a ce yana gwaranci. In mutum yana so a sauƙaƙa masa bayani kamar ga marar fahimta, sai ya ce a yi masa gwari-gwari. Cikin labarin Bayajida kuma an lissafa ƙasarsu cikin Banza Bakwai. Harshe ya riga ya yanke musu hukunci tun ba su shigo zauren ba.

Wannan raini yana da tushe, tushen kuwa ba mai daɗin ji ba ne. Cikin ƙarni na 19 ƙasarsu tana daga cikin wuraren da a ke kai wa hari don kamun bayi. Umaru Nagwamatse wanda ya kafa Kwantagora, da ɗansa Ibrahim bayansa, sun yi suna da irin wannan hari, har Turawa suka ci garin cikin 1901. A shekarar nan ce aka yi shelar cewa duk ɗan da aka haifa daga watan Afril ɗa ne, amma ba a soke bauta ɗungum a Arewa ba sai 1936. Wanda aka kamo daga garinsu aka kawo birni, dole ya karya Hausa, domin ba harshensa ba ne. Dole ya sa tsumma, domin ba shi da ikon saƙi. Ashe abin da yaro ke kwaikwaya a ƙofar gida, ba tare da ya sani ba, ya yi kama da hoton mutumin da aka fi ƙarfinsa.

Yau kuwa ina aka kwana? A kan ƙasarsu aka gina babban birnin Nijeriya, wanda aka yi dokarsa cikin 1976, gwamnati ta koma can cikin 1991, aka tashi ƙauyukansu da dama saboda haka. Ɗan kasuwar Katsina da ke saro doya a kasuwannin Neja, a hannunsu ya ke saye. In ma ya duba aljihunsa ya ciro takardar naira 20, hoton da ke bayanta na Ladi Kwali ne, mace Bagbagyiya mai ginin tukwane, wadda aikinta ya kai Ingila da Amurka, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa cikin 1977, ta rasu cikin 1984. Cikinsu akwai Musulmi masu yawa da a ke haɗa sahu da su, akwai Kirista maƙwabta. Ko ɗaukar kaya a kafaɗa da matansu ke yi, wanda a ke yi wa dariya, su a wurinsu girmama kai ne, don ba su ga ya dace a ɗora wa mazaunin hankali kaya ba.

Yadda Ta Kasance A Amurka Da Ingila

Wannan mas'ala ba ta Hausawa kaɗai ba ce. Turawa sun riga kowa faɗawa cikinta, tasu kuwa ta fi muni, saboda haka akwai fa'ida a ji yadda suka yi.

Wajen 1830, sa'ad da baƙar fata ke cikin bauta a Amurka, wani farar fata mai suna Thomas Rice ya riƙa shafe fuskarsa da baƙin ƙonannen ɓawon itace, ya sa tsumma, ya hau dandamali yana rawa da waƙa da karyayyen Ingilishi, ya kira kansa Jim Crow. Abin ya karɓu ƙwarai, ƙungiyoyi suka kafu a kansa, ya zama babban nishaɗin ƙasar shekaru da yawa. An soke bauta cikin 1865, amma wasan bai mutu ba. Da aka kafa dokokin da suka raba fari da baƙi a makaranta da jirgin ƙasa da wurin shan ruwa, sai aka riƙa kiransu da sunan wannan ɗan wasa, dokokin Jim Crow, ba a kuwa rushe su ba sai 1964 da 1965. A nan mai hankali zai ga yadda abin da aka fara da dariya ya ƙare da doka. A Ingila ma gidan talabijin na BBC ya yi shekara 20, daga 1958 zuwa 1978, yana nuna mawaƙa farare da suka shafa baƙi, ko da ya ke tun 1967 aka kai masa takardar koke. Har ƙasar Gana abin ya kai, inda cikin shekarun 1930 'yan wasa baƙaƙe suka riƙa ƙara wa fuskarsu baƙi suna zagaye leɓe da fari, don sun gani a silima.

Daga wannan tushe waɗansu halaye suka shiga manyan wasanninsu na kiɗa da waƙa, waɗanda a ke yi a gidajen wasa na Niyok da Landan. Waƙoƙin suna da daɗi, mutane suna son su har yau, akwai kuma kuɗi mai yawa cikin sake nuna su. Amma duk sa'ad da aka zo tayar da ɗaya, sai a tarar da baƙin mutum ko Basine ko mutumin Japan an mai da shi abin dariya a ciki. Hanyoyi uku suka bi.

Hanya ta fari ita ce yankewa. Akwai wasa mai suna Annie Get Your Gun na 1946, wanda ke da wata waƙa mai yi wa mutanen asali na Amurka ba'a, watau waɗanda Turawa suka tarar a ƙasar. Da aka sake shi cikin 1999 sai aka cire waƙar ɗungum, wasan kuwa bai rushe ba, ya ma daɗe ana kallonsa. Haka kuma Show Boat na 1927. Shi wannan ba don cin mutunci aka yi shi ba, har ma yana nuna zaluncin dokar da ta hana aure tsakanin fari da baƙi, amma duk da haka kalmar farko ta waƙar buɗe shi zagi ce ga baƙar fata. An sauya ta cikin fim na 1936, aka sake sauya ta cikin 1946. Paul Robeson, baƙin mawaƙin da ya yi suna da babbar waƙar wasan, daga baya ya sauya waɗansu kalmominta da kansa, ya fitar da ita daga saduda ya mai da ita ta jajircewa. Duk da wannan gyara, da aka tayar da wasan a Toronto ta ƙasar Kanada cikin 1993, baƙaƙen garin sun yi zanga-zanga a ƙofar gidan wasan.

Hanya ta biyu ita ce a warware ɗinkin a sake shi, a kuma ba mai abu allurar. Flower Drum Song wasa ne na 1958 a kan Sinawa mazauna Amurka, amma farare suka tsara shi don dandamali. Cikin 2002 wani marubuci ɗan asalin Sin, David Henry Hwang, ya riƙe waƙoƙin ya sake labarin. Haka The Mikado na 1885, inda Turawa ke shigar mutanen Japan: wata ƙungiya a Niyok ta fasa nuna shi cikin 2015 saboda koke, ta zauna da 'yan asalin Asiya, sa'an nan ta fito da shi da sabon tsari a ƙarshen 2016.

Hanya ta uku ita ce a bar abu yadda ya ke, amma a faɗi aibinsa. Cikin 2020 wani kamfani ya janye tsohon fim ɗin nan Gone with the Wind na 1939, wanda ya ƙawata zamanin bauta, sa'an nan ya maido shi da gabatarwar wata malama baƙar fata, tana bayyana wa mai kallo abin da zai gani da abin da aka ɓoye masa. Wannan hanya 'yan kasuwa sun san ta tun kafin Turawa, domin a fiƙihu ba ya halatta a sayar da haja mai aibi sai an nuna aibin ga mai saye.

Ba wadda ta gamsar da kowa cikin ukun nan. Masu yankewa an ce sun ɓoye tarihi, masu sake ɗinki an ce sun ɓata aikin magabata, masu bayani an ce sun wanke hannu ne kurum. Amma abu guda ya tabbata: an daina jin kunyar tambayar wanda aka yi wasan a kansa.

Wanzami Ba Ya Son Jarfa

Wani zai ce, wannan rigimar Turawa ce, su da suka yi wa baƙar fata abin da suka yi, me ya haɗa ta da yaran Katsina da gwangwaninsu? Lalle ba a daidaita su ba, domin tashe bai haifi doka ba. Amma laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani.

A tambayi fataken da ke zuwa Ikko da Badun da Anaca. Cikin wasannin ban dariya na Kudu, Bahaushe ya daɗe yana fitowa a siffa guda: mai gadi, da 'yar rediyo a kunne da goro a baki, yana karya Ingilishi, ba ya gane komai sai an maimaita masa. Kalmar aboki, wadda ke cikin mafi daɗin kalmomin Hausa, an juya ta can ta zama kiran raini. Attajirin da ya sauke shanu ko tumatir na miliyoyi, ɗan ƙaramin yaro ya kira shi da ita yana dariya, ya san zafin da ya ji. Ba ya kuwa karɓar uzurin cewa wasa ne. To, abin da ya ji a Ikko shi ne abin da ɗan Gbagyi ke ji in ya ga Macukule. Haka kuma Ibo ba ya jin daɗin Inyamuri, sunan da aka ciro daga yadda ya ke roƙon ruwan sha da harshensa.

Malamai kuma su tuna da Shehu Ahmadu Baba na Tambutu. Cikin 1615 mutanen Tuwat, can cikin Sahara, suka aiko masa da tambaya a kan bayin da a ke kawowa daga ƙasashen baƙaƙe, domin a wancan zamani akwai masu ganin baƙin fata kaɗai ya isa hujjar bauta. Ya ba su amsa cikin littafinsa Mi'irajus Su'udi, ya rushe wannan zato, ya ambaci Katsina da Kano da Barno cikin ƙasashen Musulmi waɗanda bai halatta a mallaki mutanensu ba. Watau akwai ranar da Bakatsine da kansa ya bukaci wani malami ya tsaya ya ce launinsa da harshensa ba su rage masa daraja ba. Wanda aka taɓa yi wa wannan alheri bai kamata ya hana wa wani irinsa ba.

Bambancin Wasa Da Izgili

A nan sai a yi hattara, kada garin gyaran gira a rasa ido. Ba duk tsokanar ƙabila ce cin mutunci ba. Hausawa da maƙwabtansu suna da wasan barkwanci wanda ya daɗe yana kashe wutar gaba: Katsinawa da Nufawa, Kanawa da Zagezagi, Gobirawa da Yarabawa, Fulani da Barebari, kamar dai yadda taubasai ke yi, ko jika da kaka. A Jamhuriyar Nijar an ɗauki abin da girma, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin gadon 'yan Adam cikin 2014. Wanda ya ce a hana wannan ya yi ɓarna, ba gyara ba.

Amma a lura da sharaɗinsa. Bakatsine ya tsokani Banufe, Banufe ya rama nan take, kowa ya san haƙƙinsa, a rabu ana dariya, gobe in ɗaya ya shiga wahala ɗayan ne mai taimakonsa. Wasa ne tsakanin tsara, da yardar ɓangare biyu. Macukule kuwa ba shi da ramuwa. Ba a taɓa ƙulla wasa da mai shi ba, ba ya nan sa'ad da a ke yi, ba a kuma ba shi baki ya mayar ba.

Haka nan malamin da a ke cewa ya yi rawa. Yaran da suka kwaikwaye shi da dare, su ne za su durƙusa gabansa da safe da allunansu. Shi ya ba su sadakar ma. Dariyar ta tashi daga ƙasa ta yi sama, ba ta rage shi da komai ba, ta ma tuna masa kada aikinsa ya saɓa wa faɗarsa. Irin wannan ne marigayi Usman Baba Pategi, watau Samanja, ya yi shekaru yana yi a rediyo da talabijin na Kaduna har ya rasu cikin 2023. Banufe ne, tsohon soja, yana wasa da Hausar bariki da halin soja, abin da ya sani daga ciki, sojoji kuma suna cikin masu sonsa. Dariyar da ke sauka daga sama ta faɗa kan wanda aka riga aka danne, ita ce mai barin tabo.

Shari'a ba ta hana wasa ba. Ya tabbata cewa Habashawa sun yi wasansu da māsu a masallacin Madina, Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya bar Nana A'isha ta kalla. Amma a duba, Habashawa ne suka yi wasan Habashawa, ba wani ya shafa baƙi ya kwaikwaye su ba. Aya ta 11 ta Suratul Hujurati ta hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, ta hana jifa da miyagun laƙabobi. Aya ta 13 ta bayyana cewa hikimar rarrabuwar ƙabilu ita ce sanin juna. Aya ta 22 ta Suratur Rumi ta lissafa saɓanin harsuna da launuka cikin ayoyin Ubangiji. Sa'ad da Abu Zarri ya gori wani mutum da uwarsa, an gaya masa cewa da sauran jahiliyya a tare da shi, alhali kuwa yana cikin manyan sahabbai. Abin mamaki ne a ce a watan da a ke tsare baki daga abinci, a nan a ke koya wa yara sakinsa a kan mutuncin maƙwabci.

Abin Da Ya Kamata

Akwai kuma abin da ya sake, wanda magabata ba su sani ba. A da, wasan da aka yi a ƙofar gida a nan ya ke ƙarewa. Yau wanda aka ɗauka a waya a Ƙofar Soro bayan asham, kafin sahur ya isa Minna da Abuja, ya kuma zauna ba ya gogewa. Magana zarar bunu ce. Ƙasar da ta sha ganin ƙaramar magana ta zama tarzoma, aka ƙone rumfuna, aka tare motocin fatake a hanya, ba ta da rarar da za ta yi wasa da irin wannan wuta. In ta tashi kuwa, ɗan kasuwar da ke baƙunci a garin wasu shi ke fara biya.

Saboda haka duk mai son tayar da tsohon wasa, malamin makaranta ne ko mai gidan rediyo ko saurayi mai waya, ya auna shi da ma'auni uku. Na fari, wanda a ke yi wa dariya yana da ikon ramawa? Na biyu, a kan aikinsa a ke dariya, ko a kan halittarsa da harshensa da gidan da aka haife shi? Na uku, da yana zaune a zauren nan a matsayin baƙo, an kawo masa ruwa, za a iya yin wasan a gabansa ba a sunkuyar da kai ba? Wasan da ya tsallake ukun nan, a yi shi da ƙarfi. Mafi yawan tashe kuwa zai tsallake, domin gwauro da tsoho da boka da malam duk 'yan gida ne.

Wanda bai tsallake ba, ba a ce a binne shi ba. Kiɗan ba shi da laifi, amshin ba shi da laifi. A riƙe su, a sauya wanda a ke nufi. Garin nan bai rasa waɗanda suka cancanci tsummoki da dariya ba: mai tauye mudu, mai ɓoye hatsi sai ya yi tsada, mai algus, marowacin da ke kulle ƙofa in ya ji sallamar almajiri, mai alkawarin zaɓe. Wannan ba bidi'a ba ce cikin tashe, domin tun asali ko wane zamani yara su kan ƙara nasu. Tsohon lafazin kuma a rubuta shi yadda ya ke, a ajiye wa masu bincike, tare da bayanin zamanin da ya haife shi, don kada jikoki su zaci kakanninsu mala'iku ne, kada kuma su zaci azzalumai ne da gangan. In kuwa ana son a ga Gbagyi ko Fulani ko Buzaye a dandali, to, ga su nan da ransu, da kiɗansu da rawarsu da nasu barkwancin. A gayyace su su yi da kansu, a ji kuma yadda su ke kwaikwayon Bahaushe, a gani ko zai iya dariya.

Nauyin wannan ya fi faɗawa kan mutum biyu. Malamin allo, domin yawancin masu tashe daga gabansa su ke tashi, kalma guda daga bakinsa ta fi dokar 'yan sanda. Da kuma mai gida, domin hannunsa ke ba da sadakar, abin da ya yi wa dariya ya ba kuɗi shi yara za su maimaita a gida na gaba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. In an biya bashin nan, gadon ya tsarkaka, yara su ci abinsu da daɗi, baƙo ma ya tsaya ya kalla ya sa hannu a aljihu.

Allah shi ne mafi sani. Allah ya kai kowa azumi na gaba da rai da lafiya, ya tsare harsuna daga abin da zai sa a yi nadama. Wassalamu.